Yadda Ake Shirya Ziyarar Yini Guda Zuwa Dam Ɗin Tiga da Garuruwan Gefensa

Da damina ta ɗauke, tambayar yadda za a kai ziyara Dam ɗin Tiga sai ta dawo. Malamin makaranta yana so ya kai ɗalibai, 'yan ajin da suka gama sakandare tare suna neman inda za su yi taron shekara, magidanci kuma ya gaji da kai yara gidan zu. Tambayoyin ba sa wuce huɗu: ta ina ake bi, wa ake gani in an je, nawa za a kashe, ruwan kuma yana da haɗari? Wasu sukan ƙara da cewa suna so yaran su dawo da wani abu na tarihin wurin, kada abin ya tsaya a cin kifi da ɗaukar hoto. Ga amsar a jere. A bi jerin yadda yake, domin yawancin tafiyoyin da suke lalacewa, gaggawar tsallake mataki na biyu ce take lalata su.

Dam ɗin yana ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. An tare Kogin Kano ne a nan tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kuma ya kwanta a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 178. Wannan ya isa a fara.

1. Zaɓen lokaci

Daga Oktoba zuwa farkon Disamba babu kamarsa. Ruwa a cike yake, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hanyoyin ƙauye sun sha iska, rana kuma ba ta kai ta bazara ba. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu ana iya zuwa, sai dai hazon hunturu yakan rufe ɗaya gaɓar, iska kuma takan tayar da igiyar ruwa tun da hantsi. Maris zuwa Mayu a bar wa masu juriya. Ba lokacin kai yara ba ne. Da damina kuwa hadari yakan haɗu cikin ɗan lokaci, wanda yake tsakiyar ruwa a jirgi ba shi da wurin fakewa.

Ranar Asabar ta fi. Ranar Juma'a dattawan da kuke son gani suna shirin masallaci tun da hantsi.

Gargaɗi: ku kauce wa ranakun sallah. Matasa sukan cika bakin ruwa, kuɗin jirgi ya tashi, masu jirgi su riƙa loda mutane fiye da ƙima don kowa yana sauri. A irin ranakun nan ne aka fi samun labarin nutsewa.

2. Tura ɗan gaba

Wannan ne matakin da ake raina wa, shi ne kuma uwar tafiyar. Mako guda ko biyu kafin ranar, mutum ɗaya ko biyu su je da kansu. Waya ba ta yin wannan aikin. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ruwan nan yana da masu shi.

Wuri uku ɗan gaban zai je. Na farko ofishin ma'aikatan dam. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce take kula da shi, don haka makaranta ko ƙungiya ta tafi da takarda mai hatimi, a rubuta rana da yawan mutane da sunan jagora da lambar wayarsa. A tambaye su ƙarara ina aka yarda a tsaya, ina aka hana, kuma ko za a samu ma'aikaci ya zaga da ɗalibai ya yi musu bayani. In an samu wannan, rabin darasin ya kammala.

Na biyu gidan mai gari ko mai unguwar ƙauyen da za ku sauka a gaɓarsa. A yi sallama, a cire takalmi, a durƙusa a gaisa, sannan a faɗi buƙata: "Ranka ya daɗe, daga Kano muke. Muna so mu kawo yara su ga ruwa ranar Asabar mai zuwa, kuma in da hali a haɗa mu da dattawan da suka ga lokacin da aka yi dam ɗin nan." A ajiye goro. Shi ne zai ce wane da wane za a kira, shi ne kuma zai haɗa ku da na uku, wato sarkin ruwa.

Sarkin ruwa ya san jirgin da ƙasansa yake yoyo da wanda yake lafiya, ya san matuƙin da yake da natsuwa, ya san gaɓar da take da taɓo. Da shi za a yi cinikin jirgi tun a ranar: jirgi nawa, mutum nawa kowanne zai ɗauka, daga ina zuwa ina, minti nawa, nawa ne kuɗin. A ba da kafin alƙalami kaɗan, a karɓi lambar waya.

Gargaɗi: kada ɗan gaba ya bari a ɗauka cewa daga gwamnati kuke ko wata ƙungiyar agaji. Mutum ya ga baƙi da takarda da biro, zuciyarsa takan tafi ga tallafi. A faɗa tun farko cewa ziyara ce da neman sani, babu rabon komai. Haka kuma a tambayi mai gari halin tsaron hanya a wannan makon, a sake bugo masa waya daren tafiya.

3. Lissafin kuɗi

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, shi ya sa gara a yi lissafi da lita da yawan kai, sannan a buga da farashin ranar.

Mai: zuwa da dawowa da ɗan zagaye zai kai kilomita 170 zuwa 180. Ƙaramar mota a yi mata lissafin lita 20, bas mai cin mutum 18 kuwa lita 30. In shatar bas za a ɗauka, a yi magana a fili da direba: kuɗin ya haɗa da mai ko bai haɗa ba, zai jira har la'asar, kuma ya yarda ya sauka daga kwalta ya bi hanyar ƙasa zuwa gaɓa? Direbobi da yawa sai an je can suke cewa ba a yi da su haka ba. Abincinsa ma a sa a lissafi. Mai tafiya shi kaɗai ya tambayi motar Tiga a tashoshin titin Zariya, Unguwa Uku ko Na'ibawa, in ya sauka ya hau acaɓa zuwa bakin ruwa.

Ruwan sha: kowane mutum leda shida ta fiyawata, wato lita uku. Jaka ɗaya mai leda 20 ta ishi mutum uku ke nan. A ƙara jarka guda don alwala da wanke hannu.

Sauran su ne kuɗin jirgi, kuɗin kifi, goron mai gari da na sarkin ruwa, ɗan abin da za a ba kowane dattijo da ya zauna da ku, da na yaron da zai yi muku jagora. A kan jimillar a ɗora kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana, saboda faci ko wani abin da ba a zata ba. Kuɗin a riƙe shi a hannu, kuma a samo canji ƙanana. Ba kowace gaɓa ce take da sabis ba, mai kifi kuma ba ya jiran taransifa.

A karɓi kuɗin kowa kwana uku kafin tafiya. Wanda ya ce zai biya a mota, sau da yawa a mota ne rigimar take farawa.

4. Kayan da za a ɗauka

Tabarmi, tamfol ko babbar laima da igiya, butoci, kula (akwatin riƙe sanyi) da ƙanƙara, wuƙa, faranti, gawayi da wayar gashi, mai da yaji da gishiri da albasa, ashana, buhu biyu na zuba shara. Kowa ya zo da hula ko malafa, da takalmi mai rufi saboda ƙaya da hawan dutse. Silifas yana zamewa. Akwatin magani ya ƙunshi farasitamol, filasta, bandeji, ayodin da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Masu asma su riƙe abin shaƙarsu a aljihu.

Na ɓangaren tarihi: waya mai isasshen wuri, fawabank a cike, littafi mai bango mai ƙarfi, biro biyu.

Sai rigar ruwa, wadda take hana mutum nutsewa. Kada a dogara cewa za a samu a can. A nema tun daga Kano, saye ko aro, a ga akwai ta yara dabam, domin ta manya takan suɓule wa yaro ta ka da zarar ya faɗa ruwa. In guda takwas kuka samu, to mutum takwas ne za su riƙa shiga jirgi a kowane zagaye, ko da jirgin yana cin ashirin.

In ɗalibai ne, kowane yaro ya kawo takardar amincewar iyaye, a rubuta sunayen duka a takarda biyu, kuma kowane babba ɗaya a ba shi yara da ba su wuce takwas ba, ya san su da suna.

5. Hanya

A tashi da ƙarfe shida da rabi na safe. Fita daga Kano ta titin Zariya ita take cin lokaci in an makara. Za ku haye gadar Tamburawa, inda matatar da take ba birnin ruwan sha take. A nuna wa yara, a gaya musu ruwan da ake saki daga Tiga yana cikin abin da suke sha a gida. Daga nan sai ƙasar Kura, sai Kwanar Gafan mai kasuwar tumatir ta rani. Duk koren da kuke gani hagu da dama, shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan dam ɗin ne yake shayar da shi. Nan ne wurin sayen tumatir da albasar gashin kifi.

In kun wuce nan sai ku fara tambayar kwanar Bagauda, a hannun hagu. Hanyar ita ce za ta kai ku Tiga. A Bagauda akwai ƙaramin dam da ya ɓalle a watan Agustan 1988 ya yi ɓarna mai yawa, aka sake gyara shi. Tsohon otal ɗin bakin tafkin shi ne yanzu reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Makaranta ce mai masu gadi, ba a shiga don yawon buɗe ido sai da izini.

Gargaɗi: kada a biye wa taswirar waya in ta nuna gajeriyar hanya ta cikin gonaki. Hanyoyin gefen kanal, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, na masu babur ne da taraktoci. A tsaya a tambayi mai faci ko mai shayi.

6. Isowa

Kafin kowa ya ga ruwa, a fara biyawa ta ofishin dam da gidan mai gari. Minti goma ne. Jagora da mutum biyu su sauka su gaisa, saura su zauna a mota. Daga nan yaron da aka ba ku ya shige gaba.

A kafa sansani a inuwa, taku talatin ko fiye daga bakin ruwa, a ja layi a ƙasa da sanda, a gaya wa yara ba mai tsallake shi sai da babba. A ƙirga kai. Mutum ɗaya a ɗora masa aikin kallon ruwa kawai, ba ya gashi, ba ya hoto, ba ya taɓa waya, bayan rabin awa wani ya canje shi. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya, shi ya sa "ai muna kusa, za mu ji" ba dabara ba ce.

Jikin dam ɗin kansa, wato tudun ƙasa da dutsen da ya tare kogin, tsawonsa ya kai kilomita shida, tsayinsa kuma mita 48. In ma'aikaci ya yarda ya hau da ku, a yi wannan da safe kafin rana ta yi zafi. Daga sama ne ake gane girman aikin. Otal ɗin Rock Castle da aka gina a kan dutse yana kallon ruwa shi ma na zamanin Audu Bako ne; ɗan gaba ya riga ya tambayo ko ana barin baƙi su hau harabarsa.

Gargaɗi: ba a ɗaukar hoton ƙofofin sakin ruwa, da tashar lantarki, da jami'an tsaro, sai an ce a ɗauka. Ƙaramin jirgin nan mara matuƙi na ɗaukar hoto a bar shi a gida in babu rubutaccen izini.

7. Shiga jirgi

A yi shi tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya, kafin iska ta tashi. Jagora ya duba jirgin da idonsa: a ɗaga katakon ƙasa a ga ko ruwa yana tsattsafowa, a ga akwai kwanon kwarfe ruwa, in mai inji ne a ga akwai filafili ko gora ta tuƙi ko da injin zai mutu, a tambayi man da ke ciki. Kowa ya sa rigar ruwa a ɗaure ta tun a tudu. A shiga ɗaya bayan ɗaya, masu nauyi a tsakiya, kowa a zaune. Ba tsayuwa don hoto, ba canjin wuri, ba a taruwa gefe ɗaya don an hango tsuntsu.

A bi gefen gaɓa. Abin kallon ma a nan yake: balbela da zalɓe a cikin ciyawa, garken kirinjijiya in an yi sa'a, masunci yana jefa birgi ya buɗe a iska ya faɗa ruwa. Tsakiyar ruwa babu komai sai faɗi da igiya. Rabin awa ya isa kowane zagaye.

Gargaɗi: in matuƙi ya ce "a ƙaro mutum biyu, ai yana ɗauka," a ce a'a. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi fiye da ƙima ne aka ɗora wa alhakin. In hadari ya haɗu ko iska ta sauya, a soke shiga jirgin ko da an riga an biya.

Wanka kuwa, ra'ayina a hana shi ɗungurungum. Za ku ga yaran garin suna tsalle suna iyo, naku su ce su ma. Waɗancan a ruwan suka tashi, sun san inda rami yake. Ƙarƙashin ruwan akwai kututturan itatuwan da aka bari lokacin da ruwa ya cinye fili, da tsofaffin raga, da taɓo mai riƙe ƙafa. Kanal ɗin da ke ɗaukar ruwa ta tafkin Ruwan Kanya zuwa gonaki ya fi haɗari, domin gefensa siminti ne mai gansakuka, ruwan yana gudu, wanda ya zame ba shi da abin kamawa. Ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwa mai kwanciya inda katantanwa take, ta fata take shiga ba sai an sha ba. Alwala ma a yi da ruwan jarka.

8. Kifi da abincin rana

Masunta sukan fito da kamun dare da sassafe, don haka a bar wa sarkin ruwa saƙo tun ranar farko ya sa a ajiye muku. Karfasa ta fi daɗin gashi, tarwaɗa da ragon ruwa sun fi kyau a farfesu, kurungu kuma a kula da ƙayarsa lokacin gyara. A ɗaga marfin kunnen kifin: ja jawur shi ne sabo, in ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa a bar shi. Ido ya zama garau, jiki kuma in ka danna ya dawo. Kashi-kashi ake sayarwa, ciniki kuma ana yinsa, amma ba a gaban jama'a ake karya wa mutum farashi ba bayan sarkin ruwa ne ya kawo shi.

A tsaga karfasar gefe da gefe, a shafa gishiri da mai da yaji, a jira gawayi ya zama garwashi kafin a ɗora. Wanda za a kai gida a cire masa hanji nan take, a jera shi a kula, ƙanƙara sama da ƙasa.

Mai son jefa fatsa ya nemi izinin sarkin ruwa, ya sayi tana a wurin yara, ya zauna nesa da inda aka kafa raga. A kashe wutar gashi da ruwa, ba da ƙasa kawai ba; da kaka ciyawa da karan gonakin mutane suna kusa. Shara a koma da ita Kano.

9. Zama da dattawa

Bayan azahar, an ci an sha, shi ne lokacinsa. Wanda yake da shekara 15 a 1971 yanzu yana wajen shekara 70, don haka waɗanda suka ga aikin da idonsu suna nan, amma suna raguwa. Akwai waɗanda aka tashi ƙauyukansu aka sake musu matsuguni, akwai waɗanda suka yi lebura a wurin ginin, akwai masuntan da ruwan ne ya kawo iyayensu daga wasu wurare. Kowannensu labarinsa dabam, a nemi aƙalla mutum ɗaya daga kowane ɓangare.

Kada a kai yara arba'in a kewaye tsoho ɗaya. A raba su biyar-biyar. Mata su shiga cikin gida wurin tsofaffin mata, domin su ne suka riƙe labarin rijiyoyi da kasuwa da yadda aka kwashe kaya ranar tashi, maza kuma ba sa shiga.

A gaisa sosai tukuna. Sannan a nemi izini: "Baba, in ka yarda za mu naɗi maganarka a waya don kada mu manta. In akwai abin da ba ka so a naɗa, ka ce mu tsayar." A sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, a ɗora ta a kan hula ko naɗaɗɗen mayafi kusa da shi, a juya wa iska baya. A fara da faɗin rana da sunan gari da sunan mai magana. Mutum ɗaya yake tambaya, ɗaya yana rubutu.

Kada a ce "ba mu tarihin garin nan." Wannan tambayar takan jawo jerin sarakuna da aka haddace, ko a ce a je a tambayi wane. A tambayi abin da ya gani da idonsa. Ina gidanku yake kafin ruwa, za ka iya nuna mana saitinsa? Me kuke shukawa a fadamar? Wa ya zo ya gaya muku za a tashi? Da me kuka kwashe kaya? Wace kasuwa kuke ci a da, wace kuke ci yanzu? Yaya aka yi da maƙabarta? Yaushe ka fara cin kifi kullum? In ya yi shiru a ƙyale shi, sau da yawa abin da yake biyo bayan shirun ya fi abin da ya gabace shi.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, amma suna riƙe abin da ya faru. A yi amfani da waɗannan a matsayin ma'auni: komawa tuƙi a hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, babban farin da aka yi a farkon shekarun 1970, kashe Janar Murtala a 1976. "Lokacin da kuka tashi, an canja kuɗi ko ba a canja ba?" Amsar wannan ta fi "wace shekara ce?" inganci nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: maganar diyya da filaye tana da zafi har yanzu a wasu gidaje. In ya kawo ta a saurara, kada a yi alkawarin kai kuka ko'ina. In dattawa biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun da sunan kowa, ba aikin baƙo ba ne raba gardama. Kada kuma a gyara wa tsoho magana da abin da aka karanta a intanet. Minti arba'in ya isa. Abin da za a ba shi a dunƙule a hannu a miƙa a keɓe.

10. Tsayawa ɗaya a hanyar dawowa

Ɗaya, ba biyu ba. Lokaci ba zai isa ba.

Masu ƙarfin ƙafa su bi ta Rurum zuwa Rano. Ƙasar duwatsu ce, Rano kuma tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake ce wa sarakunan baba saboda rini, Sarkinta kuma ana masa kirari da Autan Bawo. A fara zuwa ƙofar fada a gaisa a nemi wanda zai raka ku. Matsayin masarautar ya sauya a 2019 ya sake sauyawa a 2024, maganar kuma ta siyasa ce, baƙo ya kama bakinsa. In za a hau dutse a bi sawun ɗan gari, kada a sa hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse saboda maciji da kunama, a kuma kula da zuma. Saukowa ta fi hawa wahala. Daga Rano sai Bunkure, sai Karfi, kun dawo titin Zariya.

Masu tsofaffi ko ƙananan yara su koma ta inda suka zo su ratse garin Bebeji, a ɗaya hannun babban titi. A nan ne rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fara gamuwa da turjiya a 1903 a hanyarta daga Zariya, ta fasa ƙofar garin da igwa, kwanaki kaɗan kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A nan kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa fataken goro masu bin hanyar Gwanja. A roƙi mai unguwa ya sa a nuna muku inda ganuwa da ƙofofin suke.

Burumburum, inda aka kashe Alwali, Sarkin Kano na ƙarshe kafin Fulani, wajen 1807, tana ƙasar Tudun Wada. Ita tafiyarta dabam ce. Dajin Falgore kuwa kada a ce bari a leƙa tunda an zo kusa. Ba kusa ba ne, kuma ba a shigarsa sai da bayanin jami'an tsaro na wannan ranar.

11. Komawa gida da abin da ya rage

Ƙarfe huɗu da rabi mota ta ɗau hanya, a shiga Kano kafin magariba. Titin Zariya da dare manyan motoci ne. A ƙirga kai da takardar sunaye kafin a tayar da mota, a kuma sake ƙirgawa bayan kowace tsayawa. A bugo wa mai gari da sarkin ruwa a ce an sauka lafiya.

A daren nan a kwafe muryoyin da aka naɗa zuwa waya ta biyu ko kwamfuta, kowanne a sa masa sunan mai magana da gari da kwanan wata. Cikin mako guda a zauna a rubuta su da kalmomin mai maganar, kada a mayar da su Hausar littafi. Sunayen ƙauyukan da ruwa ya cinye a jera su a shafi guda, da saitin da aka nuna. A buga kwafi biyu da hotunan dattawan a aika wa mai gari, ɗaya nasa, ɗaya na makarantar garin. Kada a sa muryar kowa ko hotonsa a Facebook ko TikTok sai in ya amince da hakan tun a wurin naɗa.

In duk da hanin da aka yi wani ya shiga ruwa, a gaya wa iyayensa a ranar. Su sa ido na wata biyu zuwa uku: ƙaiƙayin fata, zazzaɓi, ciwon mara, ko jini a ƙarshen fitsari. In an ga ɗaya daga ciki a je asibiti a faɗi cewa ya shiga ruwan dam, a yi gwajin fitsari. Maganin tsargiya praziquantel ne, kuma gwargwadon nauyin jiki ake ba da shi, don haka ma'aikacin lafiya ne zai auna, ba mai kemis na kan layi ba.